Kwamfuta Mai Lamba Tamanin da Takwas

Sau biyu Maimuna tana zana jarrabawar lasisin ungozoma, sau biyu tana faɗuwa, kuma sau uku kacal hukumar ke bai wa mutum dama. Karo na farko ta shiga da cikin wata bakwai da zazzaɓi a jikinta, karo na biyu maki huɗu suka kayar da ita. Idan na uku ya kuɓuce an rufe fayil ɗinta ke nan, sai dai ta koma makaranta daga ajin farko, ita da ke da shekara talatin da shida da 'ya'ya uku. Shekara tara tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a Makera, amma a takarda ita mai taimako ce kawai, wata ce ke sa hannu a kan aikinta. Mai asibitin ya riga ya gaya mata, ba da mugunta ba, cewa masu bincike sun matsa masa, bana in babu lasisi ba zai iya barin ta a ɗakin haihuwa ba.

Mijinta Nuhu ne ya ce ta zaɓi cibiyarsu. Yanzu da kwamfuta ake zana jarrabawar, shi kuwa shi ke kula da kwamfutocin wata cibiya a Kakuri, mallakar wani Mista Benson da ke zaune a Romi. Cibiyar tsohon siton auduga ne na ɗaya daga cikin masaƙun da suka mutu, dogon ɗaki mai rufin kwano, babu silin, an jera tebura na katako da kwamfutocin cinya guda ɗari da hamsin, dukkansu na hannu, waɗanda Turawa suka gama morewa. Janaretan wurin yana iya jan kwamfutocin da fankoki, amma ko a mafarki ba ya jan na'urar sanyaya ɗaki. Nuhu bai yi jami'a ba, a bakin aiki ya koya, kuma ya koya sosai. Irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun bayyana maka yadda agogo ke aiki.

Ga wanda bai sani ba, ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu take yi, gudun kuma shi ke kawo zafi. A cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, wadda ba ta da aiki sai duba ma'aunin zafi, ta ƙara gudu ko ta rage. In zafin ya kai digiri saba'in da biyar sai ta ja birki, ta sauke gudun zuwa kashi ɗaya cikin uku har jikin ya huce. In kuwa duk da haka ya kai ɗari, na'urar ba ta shawara da kowa, kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Waɗanda suka tsara wannan lissafi sun tsara shi ne a ƙasashen da ake kunna wuta a ofis don a ji ɗumi. Ba su san da Kakuri ba, inda a watan Afrilu kwamfuta tun ba a ba ta aiki ba ta riga ta kai sittin.

A watan Maris hukumar ta aiko jami'arta, Madam Hephzibah, ta gwada cibiyar. Doguwar mace ce mai tabarau, ba ta da faɗa, ba ta kuma da wasa. Manhajar jarrabawar tana da nauyi, don tana kallon fuskar ɗalibi ta kyamara, tana kulle kowace amsa kafin ta aika. Da safe komai ya tafi daidai. Rana na kaiwa tsaka direbobin suka ja birki, kowace tambaya sai ta ɗauki daƙiƙa arba'in kafin ta buɗe. Madam Hephzibah ta duba agogonta, ta rubuta, ta ce in ba a gyara ba cikin mako biyu za a cire sunan cibiyar.

Tana fita Benson ya juyo. "Injiniya, abeg, ka yi wani abu."

Nuhu ya gaya masa gaskiya, cewa maganin abin silin ne da sanyi. Benson ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya sauke, Nuhu kuma ya gane babu kuɗin wannan. Masu gyara a kasuwa suna da hanyarsu: su cire birkin gaba ɗaya, kwamfuta ta yi ta tashi a gaban mai ita, in ta ƙone bayan wata biyu a ce ƙaddara. Nuhu ya raina wannan aiki, yana kiran masu yin sa mahauta. Shi da lissafi ya yi nasa. Ya shiga saitin direban ya ɗaga iyakar daga saba'in da biyar zuwa casa'in da biyar, ya bar tazarar biyar kafin mutuwa. Sannan, da yake waɗannan kwamfutoci ta ƙarƙashinsu suke shaƙar iska, ya bi shagunan Kakuri da tashar keke yana tara murafen robar lemo, har guda ɗari shida, ya wanke su, ya ɗora kowace kwamfuta a kan huɗu. Rana uku yana gwadawa da tsakar rana, mafi zafi a cikinsu ba ta wuce digiri tamanin da takwas ba, kuma tambaya na buɗewa kafin ka ɗage yatsa. Madam Hephzibah ta aiko wani ya duba gudun, aka ce an amince.

Ranar ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa sarauta. Ya tarar da Maimuna a tsakar gida da littattafanta a kan tabarma, tana haddace sunayen ƙasusuwan ƙugu. Ta tambaye shi ko ya tabbata, don wata abokiyar aikinta ta ce akwai cibiya a ƙetaren gada mai sanyi kamar firji.

"Maman Hafsat, ke dai ki yi karatunki," in ji shi. "Waccan ban san halin injinansu ba. Nawa kuwa ko wacce na san ta kamar 'ya'yana."

Ta yarda da shi, don a shekara goma sha biyu da aurensu bai taɓa cewa ya gyara abu ya zama bai gyaru ba.

Shi da bakinsa ya sanar da Madam Hephzibah cewa matarsa na cikin masu zanawa. Ta yaba masa, sannan ta kafa masa sharaɗi: daga tsakar ranar Litinin har a gama jarrabawa ranar Talata, ƙafarsa ba za ta taka zauren ba. Zai zauna a ɗan ɗakin da ke baya, inda babbar kwamfutar da ke haɗa sauran take, can yana iya ganin lambar kowace na'ura da zafinta da gudunta a allo ɗaya, yana kuma iya saita su daga nan. Nuhu ya ji daɗin kansa ƙwarai da wannan gaskiya da ya faɗa. Ranar Litinin da hantsi ya zagaya zauren, ya daidaita murafen da suka karkace, ya miƙa mukulli ya tafi.

Rukuni biyu aka raba masu zanawa, na safe da na tsakar rana, Maimuna tana na biyu. Ranar Talata na safe suka fara a makare saboda layin intanet. Ƙarfe goma da rabi Nuhu ya ga lambobin da bai saba gani ba sai da azahar: tamanin da biyar, tamanin da tara. Ya leƙa ta taga ya dubi sama, rana ce dai irin ta jiya. Ya duba saitinsa sau uku, babu abin da ya canza. Kafin rukunin ya gama, wasu sun kai casa'in da huɗu.

Da aka buɗe babbar ƙofa ɗalibai suka fito, sai ya zagayo ya tsaya a bakinta, iyakar inda aka yarje masa. Zauren ya yi kyau kamar za a ɗaura aure. An lulluɓe kowane tebur da koren yadi mai kauri, irin na labule, an ja shi tsaf an kafe da ƙananan ƙusoshi ta ƙasa, har da farin leshi a gefe. Kwamfutocin suna kwance a kan yadin, sun nutse cikinsa. Murfi ko ɗaya babu.

Aikin Madam Celina ne, matar Benson. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu na Romi, kuma duk bikin da ba ita ta yi wa ado ba ana ganin bai cika ba. Ranar Litinin da yamma ta zo da mata shida suka yi aikin, kyauta, don mijinta ya fita kunya. A gidansu ko baƙon da ya zo karɓar wutar girki ba ya zama a kan katako tsirara, balle manyan baƙi daga Abuja.

"Injiniya, ka ga yadda wurin ya fito?" in ji ta tana murmushi. "Murafen nan kuwa na sa an kwashe. Baƙi za su zo su tarar da shara a ƙarƙashin kowace kwamfuta, su ce mu ƙazamai ne?"

Matar nan ce ta kai wa Maimuna kunun gyaɗa har asibiti lokacin da ta haifi autarsu, kuma da safiyar nan ma ta riƙe hannunta ta yi mata addu'a. Ya rasa ta inda zai fara fushi da ita. Da ya bayyana abin da yadin ke yi, murmushin ya bar fuskarta, ta ɗora hannu biyu a ka.

Suka je wurin Madam Hephzibah shi da Benson. Nuhu ya roƙi a yaye yadin, ko a mayar da murafen, suna nan cikin bokiti a bayan gini, ko aƙalla a kashe kwamfutocin na minti ashirin su huce. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce daga hedkwata ake buɗe jarrabawa, sha biyu daidai, saura minti ashirin da biyar, kuma duk cibiyar da ba ta shiga ba an soke rukuninta. Tebura ashirin da biyar masu ƙusoshi ba za su yayu a wannan lokaci ba. An riga an ɗauki hoton zauren an aika, doka kuma ta hana a ɗora komai a tebur ban da kwamfuta. Kashewa da sake shigar da su kuwa ya fi rabin awa.

"Malam Nuhu, na gane abin da kake faɗa," in ji ta. "Abin da ke hannuna shi ne in bar ƙofofi a buɗe."

Yana komawa ɗakinsa ya hango Maimuna a layi ƙarƙashin dalbejiya, da katinta a hannu. Ta ɗaga masa gira tana tambayar ko lafiya. Ya gyaɗa mata kai ya yi murmushi, don bai ga amfanin ya ɗaga mata hankali a bakin ƙofa ba. A jerin sunaye ya ga an ba ta lamba tamanin da takwas, a layin jikin bango, inda kwanon rufin ya fi saukowa.

Tambaya ɗari da ashirin ce cikin minti casa'in. Tun kafin a fara ya sauke gudun kwamfutocin duka zuwa rabi, yana fatan su yi ɗan sauri ba tare da sun ƙara zafi ba. Amma sun riga sun jiƙu da zafin safe, fankokinsu na juyawa suna shaƙar yadi. Birkin da ya matsar zuwa casa'in da biyar ya zo a makare, kamar mai neman tsayar da keke bayan ya shiga gangara. Sha biyu da minti ashirin lamba casa'in da ɗaya ta mutu. Sai arba'in da uku, sai sha bakwai. Kwamfutoci goma da aka ajiye don ko-ta-kwana suka cika cikin minti goma, biyu daga cikinsu ma suka mutu. Daga nan duk wanda tasa ta ɗauke sai a fito da shi a zaunar a benci a waje. Ta tagarsa Nuhu yana ganin su, mata manya da hijabi da ɗankwali suna kuka kamar an yi rasuwa. Ya ce a ransa waɗannan tasu ta ƙare, kuma ya yi rantsuwa Maimuna ba za ta zauna a bencin nan ba.

Ya bar sauran ɗari da arba'in da tara ga direbobinsu, ya tattara hankalinsa a kan layi ɗaya na allon. Lamba tamanin da takwas tana digiri casa'in da huɗu, ba ta ma kai inda birki zai kama ba, ya riga shi. Ya sauke ta zuwa gudu mafi ƙanƙanta da ƙwaƙwalwar ke iya yi, ƙasa da na kowa a zauren, ya kulle ta a nan. Ya kashe rabin ƙwaƙwalwar, ya rage hasken allonta, ya rufe duk wani abu da ke aiki a bayan fage wanda jarrabawar ba ta buƙata. Duk da haka ta hau, casa'in da shida, casa'in da takwas. Tamanin da bakwai da ke hagunta ta mutu. Ta Maimuna ta kai casa'in da tara ta tsaya. Nuhu yana zaune rigarsa ta manne a bayansa, yana salati. Tamanin da tara da ke damanta ta mutu. Tata ta sauko casa'in da takwas.

Ya san abin da yake yi mata. Ya san kowace tambaya yanzu tana cin kusan minti guda kafin ta buɗe, alhali agogon hedkwata bai rage gudu ba. Amma ya ce mai rarrafe ta fi gawa, ko ba komai amsoshinta suna shiga. Awa guda cur ya riƙe ta tsakanin casa'in da bakwai da casa'in da tara, kuma a duk shekarunsa na sana'a bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Ƙarfe ɗaya da rabi aka rufe jarrabawa. Kwamfutoci arba'in da uku sun mutu, tamanin da takwas tana raye. Ya kifa kansa a tebur ya yi hamdala.

Madam Hephzibah ta kawo masa takarda mai shafi biyu, ɗaya na na'urorin da suka ɗauke, ɗaya na waɗanda suka yi aiki har ƙarshe. Ya cika, ya sa hannu.

Maimuna ta fito idanunta jajir saboda ƙura wa allo mai duhu ido. A tambaya ta sittin da bakwai lokaci ya ƙare mata. Ta ce duk wadda ta buɗe ta san amsarta, jira ne ya cinye ta. A cikin keke har Makera ba ta ƙara magana ba, shi kuma ya yi ta lissafi a ransa cewa in ta ci duka sittin da bakwai ɗin, ta yiwu a duba.

Bayan mako uku sanarwa ta fito. An cire cibiyar Benson daga jerin cibiyoyi. Duk waɗanda kwamfutocinsu suka mutu za su sake zanawa a wani wuri, kuma ba za a lissafa musu wannan karon ba, tunda ba laifinsu ba ne. Sauran an yi musu maki a kan abin da suka amsa. Ana buƙatar saba'in da biyu. Maimuna ta samu sittin da huɗu.

Nuhu ya karanta sanarwar a wayarsa a tsaye bakin titin Kakuri, ya sake karantawa, sai ya zauna a kan dakalin wani shago. Matar da ke hagun Maimuna da wadda ke damanta, waɗanda ya gani suna kuka a benci, duk za su sake. Da ya ɗauke hannunsa na minti biyu kawai, da tana cikinsu.

Bai haƙura nan take ba. Ya buga bayanan da direban ya ajiye, zafi da gudu na kowace daƙiƙa, shafi talatin, ya hau mota zuwa Abuja. Ya wuni a benci kafin wani jami'i ya gan shi. Mutumin ya saurara da ladabi, ya jujjuya shafukan ba tare da ya karanta ba, sannan ya jawo wata takarda ya nuna masa lamba tamanin da takwas a jerin waɗanda suka yi aiki har ƙarshe, da sa hannun da ke ƙasa. Ya tambaye shi wa ya rage mata gudu. Nuhu ya ce shi ne. Jami'in ya ce to ai shawarar da zai ba shi ita ce kada ya maimaita wannan magana a wani ofis, don ma'aikacin da ya taɓa na'urar matarsa ana tsakiyar jarrabawa, ko da niyyar me, abin da zai biyo baya ya fi faɗuwa muni, kuma kan matar zai sauka. Nuhu ya tattara takardunsa ya fito.

Maimuna ta riga ta gaya wa mahaifiyarta da mai asibitin cewa kanta ne ya toshe, ita ce ba ta da sauri. Ba ta ambaci kwamfuta ba, ba ta ambaci wanda ya ce ta zaɓi Kakuri ba. An mayar da ita ɗakin ba da kati, inda take jiyo kukan jarirai ta bango. Nuhu ya yi kwana huɗu da maganar a cikinsa. Rana ta biyar da la'asar, yara suna Islamiyya, ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale a faranti, ya tsuguna ya gaya mata komai, tun daga yadin har zuwa abin da jami'in ya faɗa.

Ba ta daina tsinkar ba har ya gama. Sannan ta ce, "Baban Hafsat, wato da ka bar ta ta mutu, da an sake mini?"

"Da an sake miki."

"Kuma ka san tawa ce tamanin da takwas."

"Na sani."

"Shi ya sa ka fi kula da ita."

Ya ce shi ya sa. Ya jira ta yi masa ihu, ko ta yi kuka, ko ta tashi ta shige ɗaki. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya samu sauƙi. Sai ta ɗago ta dube shi, babu fushi a idonta ko kaɗan, sai gajiya.

"To, Allah ya saka maka da alheri," in ji ta, kuma har zuciyarta ta faɗa.

Ta jawo wani reshen zogale, ta ce in zai fita ya sayo ƙuli, na gidan ya ƙare.